Yadda Na Rubuta Labarin Kisa a Ƙaramin Garin Masunta

Na kafa ƙagaggen labarina a wani ƙaramin gari da ke gaɓar teku ne saboda a irin wannan wuri babu baƙon da za a jingina wa laifi. Matashin da ya ɓace ƙanin maigidan ne, wanda ya ga abin da ya faru surukinsu ne, kuma dukansu a jirgin kamun kifi ɗaya suke neman abinci. Da na yi nisa a rubutun sai na gane cewa tambayar wa ya yi kisan ba ta da nauyi sosai, domin abin da ke riƙe mai karatu shi ne su wa suka sani suka yi gum, da kuma abin da shirun ya jawo musu.

Teku ya tilasta mini yin lissafi. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cikowa sau biyu a rana, da tazarar kimanin awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin cikarsa yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. A kan wannan na gina ƙaryar yayan: ya ce ya bi ta kan yashi ya koma gida da almuru, alhali a daren ruwa ya riga ya shanye hanyar. Haka kuma gawar da ta nitse takan taso idan iskar ruɓewa ta taru a cikinta, amma ruwan sanyi yana jinkirta hakan ƙwarai, wani lokaci ma ba ta tasowa. Wannan ya ba iyalin damar cewa haɗari ne. A dokar Ingila da ta wasu ƙasashe, kotu na iya ɗaukar mutum a matsayin matacce idan an shekara 7 ba a ji ɗuriyarsa ba, don haka na sa labarin ya fara a shekarar da maganar gado ta taso.

Uwar ce ta fi ba ni aiki, kuma ita na fi tausayawa. Ta ga rigar babban ɗanta a jiƙe da jini a daren, ta wanke ta da hannunta, ta shanya a cikin ɗaki maimakon tsakar gida, ba ta kuma tambaye shi komai ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ban yarda labarin ya wanke ta da wannan hujja ba, domin matar mamacin tana nan gidan tana jiran miji.

Jami'in binciken kuwa na rage masa baki. Ba wayonsa ne ya tona asirin ba. Rabon gadon ne ya raba kan 'yan gidan, kowa ya fito da guntun abin da ya sani domin ya kare kasonsa, jami'in ya harhaɗa. Saboda haka na rarraba ikirarin a bakin mutum uku cikin babi daban-daban, kuma na bar bayanin uwar ya saɓa wa na ɗanta a kan wanda ya fara ɗaga hannu.