Inda Sanyi Ya Sassaƙa Dutse

Da sassafe muka bar Belfast muka nufi arewa, ana yayyafi. Hanyar ba ta da wani dogon labari: koren fili ne da tumaki har muka wuce garin Bushmills, daga nan 'yan kilomitoci kaɗan sai ga Giant's Causeway, a gundumar Antrim ta Ayilan ta Arewa. Daga wurin karɓar baƙi ana gangarawa ne ta wata kwalta da ta bi gindin tsauni. Akwai bas, amma na zaɓi in taka, iskar teku tana dukan fuskata.

Ina shan kwanar ƙarshe sai na yi turus. Ginshiƙai ne na baƙin dutsen basalt, kusan 40,000, a tsaye cunkus, kowanne ya manne da ɗan'uwansa, suna sauka hawa-hawa har su nutse cikin teku. Ido ba ya yarda cewa ba hannun magini ba ne. Shi ya sa ban ga laifin mutanen da ba da suka ce wani basamude, Finn MacCool, shi ya shimfiɗa su don ya tsallaka Sikotlan ya gwabza da abokin gabarsa. Har hujja gare su, domin a tsibirin Staffa da ke can ƙetare akwai ginshiƙai iri ɗaya.

Na tsuguna na fara ƙirga gefunan wanda nake kai. Shida. Na kusa da shi ma shida, na gaba biyar, can kuma ga wani mai bakwai. Faɗin kowanne bai cika rabin mita ba. Saman wasu ya lotsa har ruwan sama ya kwanta a ciki, na wasu kuma ya yi tozo. Dalili shi ne kowane ginshiƙi ya tsattsage a kwance gunduwa-gunduwa, tozon wannan yana zaune daram cikin lotsawar wancan. A nan ne maganar magini ta fita daga raina. Magini ba zai haɗa biyar da bakwai a bango guda ba, kuma ya dace su haɗu babu ko kafar saka yatsa.

Shekaru miliyan 50 zuwa 60 da suka wuce, narkakken dutse ya tsattsafo daga tsagogin ƙasa ya malale yankin. A wannan wuri ya sami kwari ya taru da zurfi, don haka bai huce da gaggawa ba. Dutse idan yana hucewa tsukewa yake yi, amma gefe da gefe sun riƙe shi, babu inda zai ja jiki, sai ya tsage. Duk wanda ya ga laka ta bushe a gindin tafki ya san yadda abin yake. Bambancin kawai, a nan tsagar ba ta tsaya a sama ba. Sanyi yana kutsawa ciki, ita kuma tana biye da shi sannu a hankali. Tsagogin farko a hargitse suke fitowa, amma suna zurfi suna daidaita kansu, har su koma haɗuwa uku-uku a kusurwar digiri 120, wadda ita ke haifar da gefe shida. A 2018 masana a Jami'ar Liverpool sun gwada basalt na ƙasar Aisilan, suka gano yana tsagewa ne tsakanin digiri 840 da 890 a ma'aunin Salshiyos, wato bayan ya riga ya daskare.

Wurin da ya fi kama hankalina shi ne wanda ake kira Organ, a jikin tsauni, inda ginshiƙan suka miƙe kusan mita 12. Ƙasa sambal suke, ƙattai, saboda can ne dutsen ya huce a natse. Ɗaga kai sama kuwa, sai ka ga sirara, a karkace, a cuɗe, inda sanyi ya zo da sauri. Gaba kaɗan ga wata jar ƙasa ta ratsa tsaunin, shaidar dogon zamanin da wuta ta lafa har saman dutsen farko ya ruɓe, kafin wata ambaliyar narkakken dutse ta rufe shi. Yawancin baƙi ba sa ƙarasowa nan, hoto a bakin ruwa ya ishe su. Ni dai a ganina sun bar rabin abin a baya.

Abu ɗaya ya ɓata min rai. A tsagogin da dama na ga sulalla a cuse, sun yi tsatsa har sun rina dutsen. Gishirin teku yana kumbura ƙarfen, shi kuma ya ɓantare gefen ginshiƙin. Wurin yana cikin kayan tarihin duniya na UNESCO tun 1986, kuma ƙungiyar National Trust da ke kula da shi ta sha roƙon mutane su daina cusa sulalla. Na gwada ciro ɗaya daga cikinsu da farce, ko motsi bai yi ba.

Ruwa ya ƙara ƙarfi, duwatsun suka yi santsi, dole na haƙura. Na hau ta Shepherd's Steps, matakala 162, na isa sama ina haki, wandona sharkaf.