Wata huɗu da rariya: ashe yaro na kama

'Yan'uwa masu bin gizo-gizo, barkanmu da damina. Wata huɗu ke nan ina tankaɗe busasshen ganyen mangwaro a bayan gida da tsohuwar rariyar Inna, a kan farin zane. Duk abin da ya motsa sai in ɗauke shi da jiƙaƙƙen burushin fenti, in jefa a kwalbar sifirit mai ƙarfin kashi 70.

Makon jiya wani ɗan mitsitsi ya faɗo, bai fi ƙwayar gero ba. Manyan idanu biyu a gaba kamar fitilun mota, nan take na san ɗan gidan Salticidae ne, masu tsalle. Na duba hotuna har dare ban ga mai irin zanen bayansa ba. Na ce shi ke nan, sabon nau'i! Har suna na fara laluba masa.

Malamin da ke ara mini madubin ƙara girma ya leƙa sau ɗaya ya yi dariya. "Ai wannan bai balaga ba, ɗalibi." Ashe launi ba ya yanke hukunci. A namiji, 'yan hannayen nan biyu na gefen baki ake dubawa, waɗanda yake ɗaukar maniyyi da su. A mace kuwa, wata 'yar taurin fata ce a ƙarƙashin ciki. Kowane nau'i da siffarsa, kamar makulli da kwaɗo, kuma ba sa kammala fitowa sai bayan saɓar ƙarshe. Wanda na kama, hannayensa sun kumbura kawai, sumul, ba komai a kai.

Ko da ya balaga ma da sauran aiki. Kundin sunayen gizo-gizon duniya, World Spider Catalog, da ke Bern ta Suwizalan ya haura nau'i 50,000 tun 2022, masu tsalle kaɗai sun fi 6,000. Ga kuma aikin masana Wesołowska da Russell-Smith na 2011 kan masu tsalle na kudancin Najeriya, dole a bi shi zane bayan zane.

Wani abin haushi: da biro na rubuta takardun kwalabe shida, sifirit ya wanke tawadar tas. Wuri da rana sun tafi. Ku riƙa amfani da fensir.

Yanzu biyu nake kiwo da rai a kwalbar zuma, da jiƙaƙƙiyar auduga da ƙananan ƙudajen ruɓaɓɓiyar ayaba. Ɗaya ya daina ci tun shekaranjiya, ya saƙa 'yar jaka ya shige. Ina jin saɓa zai yi.