Abin da Na Koya a Kan Teburin Juyawa

Teburin juyawa faifan ƙarfe ne da ake ɗaurawa a kan injin milin, wato injin da ke yankan ƙarfe da wuƙa mai juyawa, idan za a huda ramuka a da'ira, ko a fitar da haƙoran giya. Aikinsa duka a ƙarƙashin faifan yake. Akwai babbar giya, sau da yawa ta tagulla, sai sandar ƙarfe mai zare irin na noti da ke kama haƙoranta daga gefe. Ka juya mariƙin sandar zagaye ɗaya, zaren ya tura haƙori ɗaya tak. Wanda na koyi aiki a kansa haƙora 90 gare shi, kowane zagaye digiri 4 ke nan. Akwai masu 72, nasu digiri 5.

Lissafin ba wuya. In rami 6 za a huda a da'ira, zagaye 15 kowanne. Rami 7 ne ke sa a ɗauko farantin rabo, mai layukan ramuka da ake ƙirga guntun zagaye da su: zagaye 12, sannan a ƙirga rami 18 na farantin a layin da ke da 21.

Abin da ya ci mini lokaci, wanda a ganina shi ne ainihin sana'ar, shi ne 'yar ratar da ke tsakanin zare da haƙori. Ba aibi ba ce, in babu ita ƙarfe zai cije ya ƙi motsi. Amma da ka mayar da mariƙi baya, sai lambar da ke jikin mariƙin ta canja alhali faifan yana nan inda yake. Maigidana yakan ce, "Yaro, in ka zarce lamba, kada ka ɗan ja baya. Koma can nesa, ka sake tahowa ta inda ka fara." Ta haka zaren yake jingine da gefe guda na haƙori koyaushe.

Ratar nan ce kuma ta sa ake ɗaure makullan gefe da ke riƙe faifan kafin a huda. Idan ana yanka mai lanƙwasa ba za a kulle ba, sai a tura aikin ya yi gaba da gaba da wuƙar. In suka bi hanya ɗaya, wuƙar na iya fizgar faifan, ta ɓata ƙarfen mai kaya, wani lokaci ma ta karye.

Ana rage ratar ta hanyar matso da sandar kusa da giya, amma a tsohon tebur haƙoran ba sa cinyewa daidai. Shi ya sa bayan na gyara nake zagaya faifan gaba ɗaya, in ji ko akwai inda ya yi tauri, kafin in ɗora aiki.