Ɓeraye ashirin da huɗu

Wata biyu ke nan da dawowata Birnin Kebbi, kuma tun ranar da na koma koyarwa ɗalibai ke tambayata abin da na koyo a shekaru ukun da na yi a wani ɗakin bincike a Turai. A aji nakan taƙaita musu, amma akwai abin da ban taɓa faɗa ba.

Aikinmu shi ne isar da ƙwayar gado cikin ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa ƙoƙon kai ba, da fatan wata rana a agaza wa masu cutar Fakinsan mai sa rawar jiki, waɗanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke samar musu da sinadarin dofamin ke mutuwa sannu a hankali. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da shingen da ke tare yawancin magunguna. Domin a buɗe shi, ana zuba ƙananan kumfa a cikin jini, sannan a tattara irin sautin da ake yi wa masu juna biyu sikanin da shi a wuri guda, sai kumfan su riƙa kumbura suna motsewa har shingen ya saki na wasu sa'o'i, bairus ɗin AAV mai ɗauke da ƙwayar gadon ya samu ya wuce. Tun 2001 aka nuna haka a jikin zomaye, a 2015 kuma aka fara buɗe shingen ta wannan hanya a jikin mutum a asibitin Sunnybrook da ke Toronto.

Ƙa'ida ita ce, bayan an harba sautin a sa wa dabba sinadarin gadoliniyom, a duba da na'urar MRI ko shingen ya buɗu. A ranar babban gwajina Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce kuɗin hayar na'urar ya yi yawa, in tsallake wannan matakin. Na ce to, domin a gidanmu ba a yi mini tarbiyyar musu da malami ba. Mako huɗu na jira, da na yanka ƙwaƙwalen ɓerayen ashirin da huɗu ban ga koren hasken da ke nuna ƙwayar gadon ta shiga ba ko a guda, alhali hantarsu na ta ƙyalli. Daga baya na gano cewa iska ce ta maƙale tsakanin na'urar sautin da fatar kai, kuma sautin nan ba ya ratsa iska. Wannan sakacin nawa ne, ban taɓa musanta shi ba, sai dai da an yi hoton da tun a ɓera na farko za a kama shi.

A taron mako Farfesa ya tambaye ni a gaban kowa wanda ya ba ni izinin tsallake hoton. Na dube shi, na yi shiru. Tun daga ranar, duk umarnin da aka ba ni da baki sai na mayar da shi a rubuce ta imel, ko da na uban gidana ne.

Sauran darussan ba su da tsawo. A cire iskar da ke cikin ruwan na'urar sautin kowace safiya, kuma kada a ƙara ƙarfin sauti don gaggawa, domin kumfan na fashewa su jawo zubar jini.

Gwajin da na maimaita ni kaɗai cikin hunturu ya yi nasara, kuma hotunansa ne a shafin farko na maƙalar da ta fito. Sunana shi ne na biyar a jerin marubuta shida.