Yadda muka haɗa na'urar da ƙuda ke kunna wa kansa haske

A gwajin da aka saba, mai bincike ne ke tsara lokacin da haske zai taɓa jijiyoyin dabba, ko tana tafiya ko tana tsaye. Na'urar da muka haɗa a ɗakin gwajinmu a Kumasi ba haka take ba. Ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila, shi ke jawo hasken da ƙafarsa: ya shiga ɓangaren dama na faranti, jan haske ya kama, ya fita, hasken ya ɗauke.

Ƙudajen na ɗauke da furotin CsChrimson, wanda aka bayyana a 2014, a cikin zaɓaɓɓun ƙwayoyin jijiya, kuma jan haske mai tsawon zango nanomita 625 na buɗe shi, ya tayar da waɗannan ƙwayoyin. Sai dai ba ya aiki sai ƙuda ya ci retinal, sinadarin da furotin ɗin ke kama haske da shi. Mukan sa milimola 0.4 a abinci, su kwana biyu zuwa uku a kai, kwalbar a naɗe da takardar alminiyam, don haske na lalata retinal, yana kuma tayar da jijiyoyin tun ba a fara gwaji ba.

Kayan ba su da yawa: kyamara mai ɗaukar hoto 100 a sakan, fitilun infared (hasken da ido ba ya gani amma kyamara na gani) masu nanomita 850 a ƙarƙashin faranti, jar fitila, allon Arduino mai kunna ta da kashe ta, da manhajar Bonsai, wadda ke gano inda ƙudan yake ta aika umarni. Kada a jona jar fitilar kai tsaye da ƙafar Arduino. Ƙafar miliamfa 20 take bayarwa lafiya, fitilar kuwa 350 take sha, sai an sa MOSFET, wato makunnin lantarki, irin IRLZ44N a tsakani. Waya da ƙananan kaya ana samu a Adum, unguwar kasuwanci ta Kumasi, gilashin tace haske ne sai an yi oda daga waje.

Wannan gilashin kuwa shi ne ƙashin bayan aikin. In babu shi, jan hasken na shiga kyamara, hoton ya yi fari, manhaja ta rasa ƙudan, ta kashe fitila. Da fitila ta mutu sai ta sake ganinsa, ta kunna. Haka na'urar za ta yi ta kunnawa da kashewa da kanta, bayanan su fito tsaf, mutum ya ɗauka ya gano wani abu. Maganin shi ne gilashin da ke tare duk hasken da ke ƙasa da nanomita 800, a kuma hana kyamara daidaita haske da kanta. Kafin mu sa ƙuda mai rai, mukan ajiye ƙwayar riɗi ɗaya a ɓangaren dama. Girmanta kusan na ƙuda ne, ba ta motsi, don haka dole fitila ta tsaya a kunne. In ta ƙifta ko sau ɗaya, ba a fara aiki.

Sai jinkiri, wanda aunawa ake yi, ba zato ba. Mukan kunna ƙaramar fitilar infared a gaban kyamara a madadin ƙuda, mu sa fotodayod, ɗan ma'aunin haske, kusa da jar fitilar, mu auna tazarar lokacin da ke tsakanin kamawar fitilun biyu. Hoto ɗaya kaɗai milisakan 10 ne. Ƙudan da ke tafiyar milimita 20 a sakan, in an yi jinkirin milisakan 100, ya riga ya wuce milimita 2, kusan tsawon jikinsa, hasken ya same shi yana wani abu dabam. A ganina jinkirin da ke hawa da sauka ya fi mai tsawo illa, kuma galibi adana bidiyo a kwamfutar da ke bin ƙudan ne ke kawo shi. A bakin iyaka ma mukan ja layi biyu, na kunnawa da na kashewa, milimita 2 a tsakaninsu, saboda ƙuda na son tsayawa nan yana goge ƙafa.

Kowane ƙuda na da abokin kwatance a wani faranti, mai samun haske iri ɗaya a lokaci ɗaya, amma ba motsinsa ke jawowa ba. In dukansu suka sauya hali daidai, to hasken ne kawai ya yi aiki. Akwai kuma rukunin da bai ci retinal ba, domin ƙuda na ɗan ganin ja, fitila kuma na ɗumama faranti.

Saura yanayin gari. Digiri 25 ake so, ranar Maris a nan kuwa ta wuce 30, shi ya sa muke ajiye ma'aunin zafi a cikin akwatin. Saboda dumsor, wato yawan ɗaukewar wutar lantarki a Ghana, UPS ɗaya ke riƙe da kwamfuta, kyamara da fitilu gaba ɗaya. Da hunturu kuma ƙura na sauka kan faranti, manhaja ta ɗauke ta ƙuda. Mukan goge kafin kowane gwaji, mu kuma saita mata mafi ƙanƙantar girman da za ta karɓa.