Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar Baba

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi jiya da la'asar muka iso gida Maradi da Baba, kuma da ƙafarshi ya sauko daga mota ya shiga zaure, sanda kawai ya riƙe ba wanda ya tallabe shi. Wanda ya ga yadda muka fita da shi kwance zai gane abin da ya sa Inna ta fashe da kuka a bakin ƙofa.

Abin ya kai shekara ɗaya da rabi muna fama. Tafiya ce ta fara lalacewa, sai ka ga kamar an manne mashi ƙafa da ƙasa, yana ja kaɗan-kaɗan yana buɗe ƙafafu, in zai juya kuwa sai ya yi taku biyar ko shida. Daga baya fitsari ya fara kufce mashi, wannan ne ya fi ci mashi rai don har masallaci ya daina zuwa saboda kunya. Sai mantuwa ta biyo baya, mutumin da ya yi shekaru yana cinikin gujiya a babbar kasuwa lissafi duk a ka ba takarda, ya koma a kira shi sau uku kafin ya amsa. Wasu suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce sammu, mun sha hayaƙi da rubutu, ni kaina na ce tsufa ne a bar shi ya huta, Allah ya yafe mani. Akwai inda muka kai shi ko minti biyar ba a yi ba aka rubuta mana ordonansi na bitamin aka ce mu koma gida.

Faɗuwar da ya yi a makewayi ce ta sa aka ba mu gado a asibiti, a nan Allah ya haɗa mu da wani likita matashi, shi ne farkon wanda nake so in gode wa. Ya jawo kujera ya zauna ya ce wa Inna, "Hajiya, wanne ya fara zuwa, tafiyar ko mantuwar?" Wallahi duk yawon da muka yi ba wanda ya taɓa yin wannan tambaya. Inna ta ce tafiyar, tun kafin azumin bara. Ya faɗa wa Baba sunan abu uku ya ce ya riƙe, ya tambaye shi sunayen ƴaƴanshi da ranakun kasuwanni, ya ba shi lissafin canji tunda ba boko ya yi ba, sannan ya dawo kan abu ukun nan. Ya ce kafin a ce wa mutum yana da ciwon mantuwa sai an duba abubuwan da ke kwaikwayonshi, aka ɗebi jini aka yi analiz na suga da ƙoda da maƙoƙo da bitamin B12, don ƙarancin B12 ko maƙoƙon da aikinshi ya yi rauni su ma suna rikita tunani kuma suna da magani. Ya ƙara da cewa ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu, irin ta zazzaɓi ko ciwon fitsari ga tsoho, daban take da wadda ke tafiya a hankali wata da watanni. Duk analiz ɗin suka fito lafiya, sai ya tura mu sikanar na kai.

A hoton ya nuna mani wasu ramuka a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ruwa ke zama ciki, na Baba sun buɗe sun wuce ƙa'ida. Jiki kan yi wajen rabin lita na wannan ruwa kullum yana kuma shanye shi, to na Baba shanyewar ce ta ragu, ruwan ya taru yana danne wuraren da ke kula da tafiya da riƙe fitsari da tunani. Ya ce ciwon ba shi da yawa, ya fi kama waɗanda suka wuce shekara 60, wani likita ɗan ƙasar Kolombiya mai suna Hakim ne ya bayyana shi a 1965, kuma sau da yawa ana ɗaukarshi a matsayin ciwon mantuwa na Alzheimer ko ciwon karkarwa. Don a tabbatar sai aka sa Baba ya yi tafiya a baranda ana duba agogo, aka soka allura a gadon bayanshi aka zuƙe ruwa kamar mililita 40, washegari aka sake sa shi tafiya. Da idona na ga yana ɗaga ƙafa. Ban iya magana ba, fita na yi waje.

Daga nan aka ba mu takarda zuwa Yamai, fiye da kilomita 600 ta Konni da Dosso da mara lafiya a baya, a can aka yi aiki aka sa mashi siririyar roba ƙarƙashin fata daga kai zuwa ciki tana sauke ruwan. Likitocin can ma ba su ɓoye mana komai ba, sun ce ba kowa ke samun sauƙi ba, robar na iya toshewa ko ƙwayar cuta ta shiga, kuma tunani shi ya fi jinkirin dawowa. Haka ɗin muke gani, tafiya ta gyaru sosai, fitsari da sauƙi, mantuwar dai da saura.

Godiya ga majo, wato shugaban masu jinya, da infirmiyoyin dare da ba su taɓa yi mana tsawa ba duk yawan canjin zanen gado. Godiya ga Inna da ta riƙe tarihin ciwon nan a kanta dalla-dalla, da maiɗakina da ta yi ta wankin kayan surukinta ba ta taɓa ɓata fuska ba, da ƙanwata da ta bar yaranta ta kwana ƙasa kan tabarma. Abokan Baba na kasuwa da jama'ar masallacin unguwa da suka haɗa kuɗin sikanar, kawunmu na Katsina da ya aiko da nashi tun ba mu tambaya ba, da gidan da suka sauke mu a Yamai suna kai mana abinci safe da yamma, Allah ya saka maku da Aljanna.

Ina kuma roƙon addu'a ga wata tsohuwa da muka zauna sashe ɗaya da ita nan Maradi. Ita an yi duk binciken nan aka ce nata Alzheimer ne, wanda shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon mantuwa kuma har yanzu ba a samu maganin warkar da shi ba. Ɗiyarta ce ta riƙa tsare mana Baba in mun je farmasi, ta taya mu murna ranar da ya taka alhali uwarta ba ta gane ta. Allah ya ba ta ladan haƙuri.

Masu son zuwa dubiya ku zo bayan la'asar, da safe yana hutawa. Don Allah kada a ce mashi "Baba ka gane ni?", abin na sa shi damuwa, ku faɗi sunanku kawai ku gaishe shi. Wata mai zuwa muna da randebu a Yamai, a ci gaba da sa mu a addu'a.