Godiya ga waɗanda suka sha wahalar gwaji tare da ni

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana ƙarshen wasanmu na kwaikwayo lafiya, ina miƙa godiyata ga waɗanda suka jure zama da ni a makonni 7 da muka shafe muna gwaji a Drama Village da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru, Zariya. Saƙonnin yabo da ke ta shigowa tun daren Asabar duk a kan dare biyun da muka hau daɓe suke magana, alhali wahalar da ta haifi wasan an sha ta ne lokacin da babu ɗan kallo ko ɗaya.

Wanda bai taɓa shiga wurin ba zai yi wuya ya gane abin da nake nufi. Ginin ƙasa ne da aka yi tun tsakiyar shekarun 1970 bisa tsarin gidan Bahaushe, ɗakuna sun kewaye fili, 'yan kallo kuma suna zagaye da ɗan wasa, ta yadda duk inda ka fuskanta akwai wanda ka juya wa baya. Ni kuwa na saba da gajerun wasannin da ake ɗauka da waya, inda ko raɗa ka yi za a ji ka, idan ka yi kuskure kuma a yanke a sake. A ranar farko na faɗi maganata ina ganin na burge, sai darakta ya koma can jikin bango ya zauna, ya ce shi bai ji komai ba. Sau 11 na maimaita jimla ɗaya a yammacin nan.

Malam darakta, a lokacin na ji haushi, har na yi tunanin ajiye rawar. Yau ina godiya da ba ka sassauta mini ba, domin kai ne ka koya mini cewa daga ciki ake ɗauko murya, ba daga maƙogwaro ba, kuma shirun ɗan wasa a kan daɓe shi ma magana ce. Allah Ya ƙara girma, Ya saka da alheri.

Rawar da aka ba ni ta dattijo ce mai shekara 70 da 'ya'yansa ke rikici a kan gonar gado tun yana raye, ni kuma ban cika 25 ba. Da farko na riƙa ranƙwafawa ina karkarwa kamar yadda yara ke kwaikwayon tsofaffi, har Baba mai gadi, wanda ke zaune yana kallonmu kullum ba ya cewa uffan, ya kira ni gefe. Ya ce mini tsoho ba ya nuna tsufansa, ɓoye shi yake yi, kuma abin da ke tona masa asiri shi ne tashi daga tabarma. Ya ara mini sandarsa, ya sa na yi ta zama ina tashi a gabansa har na daina yi wa tsufa ba'a. Baba, duk tafin da aka yi mini a fitowa ta uku naka ne.

Saura kwana 4 a yi wasa, ƙurar hunturu da sanyin dare suka dishe mini murya, ko sallama ba na iya yi. A nan na ga zumunci. Yayata da ta fito a matsayin uwargidana ta riƙa zuwa da ruwan ɗumi da zuma da citta da kanumfari a fulas, ta hana kowa ja na da hira. Abokina da ke fitowa a babban ɗana ya haddace maganganuna a kan nasa, yana faɗa daga gefe ni kuma ina yin motsin kawai, don kada gwaji ya tsaya. Bai taɓa nuna yana fatan rawar ta dawo hannunsa ba, ko da yake na san zai iya ta.

Ina godiya ga masu kaɗa kalangu da suka jure maimaita kiɗa ɗaya har yatsu suka yi tsami, da masu kula da haske da sutura, da ƙanwarmu mai kwalliya da ta mayar da gemuna fari. Ina godiya ga mahaifiyata, wadda da farko ba ta son wannan harka, amma ta zo ta zauna a sahun gaba.

Duk wanda na ɓata wa rai a kwanakin nan, musamman waɗanda na ɗaga wa murya kafin ta dishe, ina neman afuwarsa. Baba, sandarka tana wurina, zan kawo maka ita da kaina ranar Litinin bayan La'asar in Allah Ya yarda.